Kama Da Wane Ba Ta Wane

Mun saba jin 'yan'uwa marubuta suna kokawa da tsadar takarda da halin masu ɗab'i, amma ba mu taɓa zaton wasan ƙwallon yara ne zai hana mu barci a kan littafin da muka shafe shekara uku muna rubutawa ba. Ga yadda abin ya faru, ko wani zai amfana.

Kwamfuta ɗaya gare mu a gida, ta cinya, 'yar gwanjo. Da safe tamu ce muna rubutu, bayan la'asar kuma sai babban ɗanmu ya karɓa ya buga wasan ƙwallon nan FIFA 19, wanda ya fito a 2018. To amma wasan ba ya tafiya daidai, ɗan wasa zai ɗaga ƙafa ya buga sai hoton ya daskare, kafin ya dawo an ci gida. Kullum ƙorafinsa ɗaya: "Baba, ram ɗinmu gigabait 4 ne, masu wasan kuwa sun ce sai 8." Mun yi masa alkawari in ya ci jarrabawa za a ƙara. Ya ci. Alkawari kuwa kaya ne, sai muka ɗan taɓa kuɗin da muke tarawa na ɗab'i.

Domin mai karatu ya fahimta, ram wani ɗan siririn allo ne da bai fi tsawon yatsa ba, kuma aikinsa kamar na turmi ne. Duk abin da aka adana a kwamfuta yana cikin ma'ajiyarta, wato rumbu, amma ba a daka a cikin rumbu, sai an ɗebo an zuba a turmi. In turmin ƙarami ne aikin kuma mai yawa, dole a yi ta safa da marwa tsakaninsa da rumbu, wannan jeka-ka-dawo shi ne daskarewar da yaron yake gani.

Kuskurenmu na farko shi ne mun tafi kasuwa ba mu buɗe kwamfutar mun ga irin wanda take ɗauke da shi ba. Mai shago ya ce, "Malam, ga sabon yayi, gigabait 8 guda ɗaya, an gama." Muka biya muka dawo muna murna. Da muka kwance murfin, sai ya ƙi zama a gurbinsa. Yaro ya ce a danna da ƙarfi, Allah ya taimake mu muka ƙi. Ashe ram zuriya-zuriya ne. Akwai DDR3 da ya fito a 2007, da DDR4 na 2014, da DDR5 da ya biyo baya, kuma kowanne da inda aka yi masa 'yar tsaga a gefen haƙoransa don kada ya shiga gidan da ba nasa ba. Na kwamfutar cinya, DDR3 haƙora 204 gare shi, DDR4 kuwa 260. Tamu ta tsohuwar zuriya ce, mu kuma mun sayo mata sabuwa.

Washegari muka koma. Bayan doguwar magana ya yarda ya canza mana da DDR3 mai gigabait 4, amma cikon kuɗinmu bai dawo duka ba. Wannan karon ya shiga gurbin da ke fanko ya zauna daram. Muka kunna, fanka ta juya, allo kuwa baƙi ƙirin. Muka kashe muka sake kunnawa har sau biyar, shiru. A nan ne muka tuna cewa littafin nan ba shi da kwafi ko ɗaya a wani wuri. Gabanmu ya faɗi, muka rufe ta muka ture gefe don tsoron kada mu ƙara ɓarna. Daren nan ba mu runtsa ba. Yaron ma ya ƙi cin tuwo, yana ganin shi ya jawo, mu kuma abin da ya fi ci mana rai shi ne tsawar da muka daka masa alhali mu muka je kasuwa.

Da gari ya waye muka kai ta wurin wani matashi mai gyara. Ya zare sabon, ya kunna, sai ga ta ta tashi, ga littafinmu lafiya lau. Ya ce, "Baba, ai ram ba ya riƙe komai in an kashe wuta, rubutunku yana can cikin ma'ajiya." Sannan ya jera guda biyun ya ce mu karanta takardar da ke manne a jikinsu. Namu na asali an rubuta PC3L, wanda muka sayo kuwa PC3. Harafi ɗaya tak! Mai harafin yana aiki da wuta bolt 1.35, maras shi 1.5, kuma akwai kwamfutocin da ba sa karɓar sai na farkon. Lalle kama da wane ba ta wane.

Ya ƙara mana da wasu abubuwa da ya kamata mai saye ya bincika. Kowace kwamfuta tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, wasu ma an liƙe nasu ba a cirewa. In aka haɗa mai sauri da mai nawa, dukkansu tafiyar mai nawa za su yi. Guda biyu masu kama ɗaya sun fi tilo amfani, domin hanya biyu ake buɗe musu. Windows mai bit 32 kuma ba ya iya cin moriyar abin da ya haura gigabait 4. Sannan ya gargaɗe mu da a kashe a zare waya, a riƙe allon ta gefe, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara tartsatsin nan mai ɗan fizgar mutum, don yana iya lalata shi.

Shi ya samo mana abokin namu, aka haɗa ya zama 8. Daskarewa ta ragu ƙwarai, sai dai hoton bai yi kyau kamar yadda yaron ya yi buri ba, saboda wannan aikin sashen hoto ne, ram ba ya maye gurbinsa. Ya haƙura da abin da ya samu, mu kuma muka ba shi haƙuri a kan tsawar.

Ɗab'in littafi ya ja baya da 'yan watanni, amma tun ranar muke ajiye kwafinsa a wuri uku. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, kafin a taɓa cikin kwamfuta a fara kwafe rubutu, kafin a je kasuwa kuma a karanta abin da ke jikin na gida. Allah ya sa mu dace, amin.