Su Wa Suka Ja Duwatsun Fir'auna?

Akwai wani tsohon magini wanda ya shekara arba'in yana fasa dutse yana gini da shi. Rijiyoyi da yawa na ƙasarsu shi ya ɗaure bakinsu, harsashin majami'ar garinsu ma da hannunsa aka kafa shi. Amma jikansa ɗan makaranta yana jin kunyar wannan sana'a, ba ya so abokansa su gan shi yana miƙa wa kakansa kwaɓi. Wata rana yaron ya zo da littafi mai hoton dalar Masar, ya ce, "Kaka, abokaina sun ce ba mutane suka gina wannan ba, wai aljannu ne." Tsohon ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, wanda bai taɓa ɗaukar dutse ba shi ke saurin ba aljannu ladan magina."

Tsohon bai yi karatun boko ba, amma abin da masana suka tono a Masar ya gaskata shi.

Babbar dalar Giza, ta Fir'auna Kufu, an gama ta wajen shekara 2560 kafin haihuwar Almasihu. Tsawonta na fari ya kai mita 146, duwatsun da ke cikinta kuwa sun kai miliyan 2 da dubu 300, galibinsu kowanne ya fi tan 2 nauyi. Yawancinsu nan kusa da gindin dalar aka sassaƙo su, ramukan suna nan har yau. Dutsen wurin yana da ɗan laushi, saboda haka kurfi na jan ƙarfe da guduma ta itace sun isa. Sukan haƙa ƴar kwata kewaye da dutsen da suke so, sa'an nan su ɓamɓare shi daga ƙasa. Baƙin ƙarfe bai shigo hannun ma'aikata ba tukuna, jan ƙarfe kuwa yana saurin dakushewa, don haka maƙera ba su da hutu.

Jan dutse mai tauri da aka rufe ɗakin sarki da shi, wannan daga Aswan aka kawo shi, nisan wajen kilomita 800, waɗansu kuma sun haura tan 50. Kurfi ba ya kama shi. Sai su ɗauki dunƙulen wani baƙin dutse da ya fi shi tauri, su yi ta daka kamar mai sussuka, har dutsen ya riƙa zama gari. In za su yanka, sai su zuba yashi ƙarƙashin zarto na jan ƙarfe marar haƙora, gama yashin ne ke cin dutsen. A Aswan akwai wani dogon ginshiƙi na zamanin da ya biyo baya, mai tsawon kusan mita 42, nauyinsa ya fi tan 1,000. Ana cikin aikinsa ya tsage, aka bar shi kwance inda yake. Wanda ya shiga kwatar da ke gefensa zai ga gurbin da kowane mutum ya tsuguna yana daka. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Waɗannan mutane da haƙuri suka yanka shi.

To, yaya aka matsar da su? A kabarin wani hakimi mai suna Jehutihotep, wanda ya rayu wajen shekara 1850 kafin haihuwar Almasihu, an zana hoton mutum 172 suna jan wani katafaren gunki a kan katako mai kama da gado marar ƙafa. A goshin katakon ga wani yana tsiyaya ruwa a ƙasa. An daɗe ana zaton wata al'adar tsafi ce. A shekarar 2014 masana a Jami'ar Amsterdam suka gwada, suka ga in an jiƙa yashi daidai gwargwado, ƙarfin da ake bukata wajen ja yakan ragu da kusan rabi, domin yashin ba ya taruwa gaban katakon. Duk mai amalanke ya san haka, gama jakinsa ya fi jin daɗin hanya bayan yayyafi. A shekarar 2018 kuma, a mahaƙar Hatnub, aka gano wani hawa mai tsayi na zamanin Kufu, da matakala dama da hagu, da ramukan da aka kafa turaku don naɗa igiya.

Nisan tafiya kuwa Kogin Nilu ne ya ɗauke musu. A shekarar 2013 wani masani Bafaranshe, Pierre Tallet, tare da abokan aikinsa suka tsinci waɗansu takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. Ba a taɓa samun rubutacciyar takarda a Masar da ta girme su ba. Cikinsu akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata, sunansa Merer, mai mutum wajen 40 a ƙarƙashinsa. Kowace rana yakan rubuta inda suka yi lodi da inda suka kwana. Suna ɗauko farin dutse daga Tura, a ƙetaren kogi, su kai Giza cikin jirgin ruwa, sawu biyu ko uku cikin kwana goma. Har sunan mai duba aikin ya rubuta, watau Ankaf, ɗan'uwan sarki. Aljani ba ya jiran cikowar kogi, ba ya kuma ajiye lissafin abinci.

Akwai masu zaton Isra'ilawa ne suka gina dalar. Ba haka ba ne. Littafin Fitowa ya nuna aikin tubali suka yi, a biranen Fitom da Ramases, dalar kuwa ta girmi zamanin Musa da shekara fiye da 1,000. Masarawa ne suka gina ta. A shekarar 1990 aka gano makabartarsu kusa da dalar, aka kuma tono unguwarsu, da wuraren toya gurasa, da tulin ƙasusuwan shanu da tumaki da kifin da suka ci. Ƙasusuwan mutanen sun nuna gadon bayansu ya sha kaya, waɗansu sun karye an yi musu ɗori sun warke. Masana suna ƙiyasin ba su fi mutum dubu 20 zuwa dubu 30 a lokaci guda ba.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin gayya ne zalla. Ba bayi ne cikin mari ba, amma da yawansu manoma ne da ake ɗebowa bi da bi su yi wa sarki aiki, wanda aka kira kuwa ba shi da bakin cewa a'a. Tsofaffin da suka ji labarin aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke shi a ƙasashen da take mulka ba sai 1946, sun san irin wannan kira. Wanda ya ce aljannu ne suka yi aikin ya cuci mutanen nan sau biyu, gama ya hana su yabon hikimarsu, ya kuma shafe wahalarsu.

Shi kansa Kufu, akwatin dutsen da aka tanadar wa gawarsa wayam aka tarar da shi. Cikakkiyar siffarsa da ta rage ƴar mitsitsiya ce ta hauren giwa, tsawonta bai kai santimita 8 ba.

Tsohon magini bai san Merer ba, bai kuma san lissafin nan ba. Da yamma ya kira jikansa bakin aiki, ya nuna masa wani dutse da ƙarti biyu suka kasa ɗagawa. Ya sa sanda ƙarƙashinsa da ƙaramin dutse a matsayin matashi, ya ce, "Danna nan." Yaron ya danna, dutsen ya ɗaga. Yaron ya tsaya yana duban tafin hannunsa, sa'an nan ya ce, "Kaka, ina za a kai shi?"