Wutar mota ma tana da burtalinta

A wani gari tsakanin Maradi da Dakwaro akwai wani mai shela. Gadon aikin ya yi wurin ubansa. Uban da ƙafa yake yawo, da ganga a rataye. Shi kuwa ɗan, da ya ga gari ya ƙaru, rugage sun yi nisa, sai ya saida tumaki biyu. Ya sayi ampili, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi. Ya ɗaura lasifika biyu bisa tsohuwar motarsa. Ya haɗa ampilin da radiyon mota, don a ji kiɗa kafin shela. Shi da kansa ya haɗa wayoyin, don kar ya biya kuɗin aiki.

Ya gwada a ƙofar gida, inji a kashe. Murya ta fito tsaf. Yara suka yi ta tsalle.

Ana nan sai maigari ya kira shi. Ya ce masu allurar dabbobi za su zo ranar Alhamis, su yi wa shanu rigakafin ciwon huhu. Ya ce: "Malam, ka bi rugage duka. Wanda bai ji ba, alhakinsa na wuyanka."

Mai shela ya ce: "Ranka ya daɗe, an gama."

Ya tada mota. Yana tadawa, lasifika ta kama wani siririn kuka irin na sauro. In ya taka totur kukan ya hau. In ya saki ya sauka. Ba shi da halin kashe inji ya yi magana, don batirinsa tsoho ne, in ya kashe a daji sai da turi. A ruga ta farko makiyaya suka ji "allura", amma ba su ji rana ba. Wannan ya ce Talata, wancan ya ce Asabar. Wata tsohuwa ta ce motar aljanu gare ta.

Ran mai shela ya ɓaci. A kasuwa ya gaya wa duk wanda ya tsaya cewa mai kantin da ya saida masa ampili macuci ne.

Ranar Litinin ya tafi Maradi da niyyar maida kayan. Kafin ya isa kantin sai ya biya wani garaji, wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota. Ya ce: "Baba, an cuce ni. Tumakina biyu sun tafi a banza."

Tsohon ya ce: "Ɗana, kar ka yi saurin zargi. Tada motar mu ji."

Tsohon ya saurara. Ya ce kukan lasifika iri-iri ne, kamar kukan jariri. Wanda ke fashewa da ƙarfi ko inji na kashe, makirfo ne ya yi kusa da lasifika, sai a nisanta su. Wanda ke yin ƙas-ƙas-ƙas yana bin bugun inji, daga buji ne ko wayoyinsa. Siririn nan mai hawa da sauka tare da totur kuwa na dinamo ne, abin da ke cika batir in inji na tafiya. Batir wutarsa bolt 12 ce, a kwance take. In dinamo ya kama aiki takan kai wajen 14, kuma tana ɗan rawa. Rawar nan ce kunne ke ji in ta samu hanyar shiga.

Sai ya zare siririyar wayar da ke kawo murya daga radiyo zuwa ampili. Kuka ya tsaya cik. Ya ce: "Ka ji? Ampilinka lafiyarsa lau. Ta nan kukan ke shiga. Yanzu nuna mini baƙar waya."

Baƙar waya ita ce masu garaji ke kira mas. Mai shela ya sa wata siririya mai tsawon gaba guda. Ya naɗe bakinta a wani ƙaramin noti ƙarƙashin kujera, bisa fenti da tsatsa. Tsohon ya taɓa wurin, ya ji da ɗumi.

Ya ce: "Kai ɗan ƙasar makiyaya ne. Garke in ya fita kiwo da safe, dole ya komo da marece. Haka wuta take. Tana fita daga batir ta jar waya, ta yi aiki cikin ampili, ta koma batir ta baƙar waya da ƙarfen jikin mota. Wannan shi ne burtalinta. Fenti da tsatsa ba sa barin wuta ta wuce sosai. In an toshe burtali, ina shanu ke bi?"

Mai shela ya ce: "Gonar mutane, Baba."

Tsohon ya ce: "To, wayar murya ita ce gonar. Da ka daɗe haka, da radiyon ma ya ƙone."

Ga yadda ya yi gyaran. Da farko ya cire kan batir mai alamar ragi (–), don kar wuta ta yi tartsatsi. Ya nemi noti mai ƙarfi a ƙarfen jikin mota, kusa da ampili, nesa da tankin mai. Ya kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Ya yanko baƙar waya mai kauri daidai da jar, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, wato ƙasa da santimita 45. Ya sa mata zobe a baki, ya ɗaure tamau, ya shafa giris a kai saboda damina. Ya kawo mas ɗin radiyo ya ɗaure a wuri guda da na ampili. Ya raba wayar murya da jar waya, ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu. A ƙarshe ya sa fis a jar waya, dab da batir. Ya ce in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ne zai tsinke, mota ba za ta kama wuta ba.

Aka maida kan batir, aka tada inji. Mai shela ya taka totur har ƙasa. Shiru. Ya ɗauki makirfo ya yi sallama, masu shayi na tsallaken hanya suka amsa.

Talata da Laraba ya bi rugage tun asuba har magariba. Ya koma ruga ta farko ya maimaita sau uku: Alhamis, da hantsi, bakin rijiya. Ranar Alhamis ƙurar shanu ta rufe gari.

Saura abu guda. Ranar kasuwa ya tsaya daidai inda ya ɓata sunan mai kanti. Ya kunna lasifika, ya ce laifin nasa ne, kayan mutumin ba su da aibi. Daga baya ya je har Maradi ya nemi gafararsa.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, masu mota da masu lasifika, matambayi ba ya ɓata. In lasifika ta yi kuka, a saurari irin kukan. A duba baƙar waya tukuna, kafin a zargi kowa.