Waƙar Da Ba Ta Da Ubangida

Jama'ar zango, dattawa da 'yan kasuwa, daga nan Utaibiyya ta Makka ina so in taɓa wata magana da ba a saba jinta a bakin malamin allo ba, watau kiɗan samarin zamani da 'ya'yanmu su ke tonowa a cikin wayoyinsu. Saɓanin malamai a kan kiɗa daɗaɗɗe ne, ba kuwa a wannan 'yar takarda za a yanke shi ba. Abin da ya dame ni shi ne, yaranmu suna ji, mu kuwa ba mu san abin da su ke ji ba.

A da, kun sani, kowane makaɗi da ubangidansa. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Jankiɗi kuwa na Sarkin Musulmi. Wanda ya ji waƙa ya san gidan da ta fito. Yanzu an sami wani iri dabam. Samari huɗu ko biyar su haɗa 'yan kuɗinsu, su sayi jita da ganga, su ɗauki waƙarsu da kansu, ba sarki, ba babban kamfanin faifai. Turawa na ce musu indi, watau masu cin gashin kansu. In kuwa kiɗan mai amsa-kuwwa ne, yana kewayawa yana komowa har mai ji ya ga kamar kawalwalniya a gabansa, sai su ce saikedelik.

Ga yadda abin ya iso gare ni. Akwai wani ɗalibina da ya sauke a hannuna, haifaffen nan ne, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa, yana gyaran waya a kasuwar unguwarmu. Lokacin aikin hajji wani alhaji daga Agadas ya kawo masa gyara, ya bar masa waɗansu waƙoƙi. Sai ga shi bayan la'asar, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan Hausar wane gari ce?" Na kasa kunne, na ce masa ba Hausa ba ce, Buzanci ne, gama na san shi tun ina almajiri a Maraɗi. Sa'an nan na yi masa tambayar da mu kan yi wa duk wanda ya kawo mana karatu: daga wa ka ji, shi kuma daga wa? Yaro ya yi shiru. Na ce to, tafi ka binciko.

Bayan kwana uku ya komo da labari, na ɗauki alƙalami na rubuta da ajami don kada ya ɓace. Mai waƙar Mahamadu Sulaimanu ne, wanda a ke kira Mdou Moctar, Buzu ne na ƙasar Nijar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi cikin 2008, da irin na'urar gyaran murya ta waƙoƙin fim ɗin Hausa. Ba kanti ne ya sayar da waƙoƙin ba. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya, a tasha da kasuwa da cikin mota, kamar yadda goro ya ke bin hannun fatake daga Gwanja.

A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su a arewacin Mali. Cikin 2011 kamfaninsa ƙarami, Sahel Sounds, ya fitar da faifan waƙoƙin da ya tattara daga wayoyin mutanen Sahara. Abin da ya burge ni, sai da ya bi sawun masu waƙoƙin ya nemo su, domin a san sunansu a ba su rabonsu. Shi ne kuma cikin 2013 ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Yamai, wanda a ka ɗauka tun 1978. A shekarar nan dai ƙungiyar Tal National ta Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, ta fitar da Kaani a Ingila. Mdou Moctar kuwa ya kai ga Afrique Victime cikin 2021, yana kukan abin da a ka yi wa Afirka.

To, jama'a, ga inda maganar ta ke. Da yaron nan ya ji an ambaci Sakkwato, sai ya ce, "Malam, ba can ne kakana ya taso da ƙafa ba?" Shekara da shekaru ubansa yana ba shi wannan labari ba ya kula. Ran nan kuwa shi da kansa ya tafi wurin tsohon ya zauna, har a ka kira isha'i yana tambayar sunayen garuruwan hanya. 'Ya'yanmu na ƙasar baƙunci suna neman gida, ko da ya ke ba ta ƙofar da mu ka buɗe musu su ke shiga ba.

Saboda haka ina roƙonku, dattawa, in kun ga yaro da abin ji a kunne, kafin faɗa ku yi masa tambaya uku: wa ya yi ta, daga ina ta fito, me ta ke cewa? In maganar banza ce, shi da kansa zai ji kunyar faɗa muku, sa'an nan horo ya yi amfani. In kuwa ta kirki ce, kun sami hira da ɗanku. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma 'yan kasuwa masu zuba wa mutane waƙa a waya kuna karɓar kuɗi, ku tuna waɗannan samari ba su da sarkin da zai ba su doki ko riga. Mai saurare shi ne ubangidansu. Cin guminsu ba tare da rabonsu ba tauye mudu ne.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa kanmu da na gida, amin. Haza wasalam.