Dare Ɗaya a Gindin Ɗorawa

A watan Fabrairu na bi hanyar Zariya zuwa Funtuwa, na kwana biyu a wani ƙauye kusa da Giwa. Gonaki duk sun bushe, an kwashe kara. Amma ɗorawa tana tsaye, tutu ja wur yana reto a jikinta.

Na ce wa mai masaukina, "Baba, furen nan yana da kyau." Ya ce, "Ɗana, da rana ba ka ga kome ba. Bari sai magariba."

Mai karatu, ko ka san tutu ba fure ɗaya ba ne? Ƙananan furanni ne fiye da dubu suka dunƙule wuri ɗaya. Da fari gundar tutu ce, 'yar ƙarama mai tauri. Tana girma, sandarta tana tsawo, har ta rataye ƙasa da ganye. Furannin da ke wajen wuyanta ba su yin 'ya'ya, aikinsu zubo da ruwa mai zaƙi ne kawai. Na ƙasa su ne masu haihuwa.

Da rana ta faɗi furannin suka buɗe. Can sai ga jemagu. Kowane ya kama tutu ya lashi zaƙin, garin fure ya manne masa a ƙirji, ya tashi ya kai wa wata bishiya. Da asuba ƙudan zuma suka zo kalen abin da ya rage. Tutun da ya buɗe jiya, yau ya gama aikinsa. Masana sun rubuta wannan aiki na jemagu a ƙasar Gana tun 1957, amma Baba bai jira littafi ba.

Daga furannin nan masu yawa, kaɗan ne suke zama sabada, su zama garda, su nuna. Daga nan ake samun garin ɗorawa, da kalwar daddawa, da makubar daɓe.

Da safe muka tarar da yara suna jifar tutu don su tsotsa. Baba ya kore su da sanda, yana cewa, "Daddawar uwarku kuke jifa!" Sa'an nan ya nuna mini kututture uku a gonar maƙwabcinsa. Masu gawayi ne suka saye su bara. Na duba ko'ina, ban ga ƙaramar ɗorawa ko ɗaya ba.