Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, kan sawun ciwon wata kwamfuta

Cikin hunturu wani Alhaji mai sayar da taki da maganin feshi ya kira ni daga Kano. Babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanan cinikinsa tana Birnin Kudu, rassa kuma suna shiga ta intanet. "Injiniya, na'urar nan ta gaji," in ji shi. "Rasit ɗaya sai mutum ya yi alwala ya dawo." Har ya sa an yi masa farashin sabuwa.

Na bi ta Wudil da Kwanar Huguma, hazo ya rufe gonaki. Birnin Kudu gari ne da nake girmamawa: ga zanen mutanen zamanin da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga kwalejin gwamnati da Aliko Ɗangote ya yi karatu. Amma kai tsaye shago na wuce.

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tana kan kashi 100 cikin 100, fanka sai huci. Na fara da zafi, domin idan ƙura ta toshe iska furosesa kan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Muka buɗe, muka hure. Ta huce, nauyin bai sauka ba. Na duba ko ɓarayin intanet sun dasa manhajar haƙar kirifto a ɓoye, abin da ya zama ruwan dare. Babu. MySQL, wato manhajar da ke tafiyar da rumbun, ita kaɗai ke cinye komai.

A nan ake son haƙuri. A ƙarshen Yunin 2012, daƙiƙa ɗaya tak da aka ƙara wa agogon duniya ta sa MySQL ta haukata furosesa a kwamfutoci masu Linux a ƙasashe da dama, kuma sake saita agogo ne ya warkar da su. Ba kowane huci ne tsufa ba. Don haka na buɗe jerin ayyukan da rumbun ke yi a lokacin. Tambaya iri ɗaya ce jere reras, neman bashin manomi da lambar waya, kusan duk daga reshen Gwaram.

Washegari na kama hanya, na wuce Babaldu, na nufi Gwaram can gefen iyakar Bauchi. Na tarar da manoman rani a layi, ga yaron shago da gumi duk da sanyin. Na ce, "Ƙanena, yi aikinka yadda ka saba, kallo kawai zan yi." Ya sa lamba, ya danna. Shiru. Sabis ya ɗauke, ya sake dannawa, ya sake. "Yallaɓai, in ban yi haka ba mutane za su ce wulaƙanci nake musu."

Ba laifinsa ba ne. Wanda ya rubuta manhajar shagon bai yi wa lambobin waya fihirisa ba, saboda haka kowace dannawa sai rumbun ya bi cinikin shekaru layi-layi, kamar mai laluben allura cikin buhun gero. Sa'ad da bayanan ke da kaɗan ba a ji ba. Yanzu kuwa kafin ta farko ta ƙare ta biyu ta hau kanta, domin yankewar sabis a Gwaram ba ta tsayar da aikin da aka riga aka fara a Birnin Kudu.

Daga nan shagon na shiga rumbun. Umarnin EXPLAIN, mai nuna yadda rumbun ke bin tambaya, ya tabbatar da zargina. Bayan an tashi kasuwa na gina fihirisar, na sa iyakar lokaci ga kowace tambaya, na kuma sa maɓallin ya kulle har amsa ta dawo. Da safe rasit na fita kafin manomi ya gama ƙirga kuɗinsa.

'Yan uwana masu rubuta manhaja a Kano da Dutse, don Allah ku riƙa gwada aikinku da bayanai masu yawa da kuma sabis irin na ƙauye. Ku kuma masu shaguna, kafin ku fitar da kuɗin sabuwar na'ura, ku sa a duba aikin da tsohuwar take yi tukuna.