Shingen kunkuru a hamadar Mohabi

Da hantsi muka bar Las Vegas, ni da ɗan yayata da ke karatu a can, muka hau babbar hanya mai lamba 15 zuwa Kalifoniya. A gefen titi na yi ta ganin wani gajeren shingen waya, iyakarsa gwiwa. Na ce, "Wannan ai ko ɗan akuya ba zai tare ba."

Ya yi dariya. "Kawu, na kunkuru ne."

Ashe har cikin ƙasa aka binne gindin wayar, domin kunkurun hamada gwanin tono ne. In ya iske shingen sai ya bi jikinsa har ya samu kwalbati, ya ƙetare ta ƙarƙashi. Tun 1990 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Macen kan shekara 13 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai, don haka duk wadda taya ta murƙushe, asarar shekaru ce.

A garin Baker muka karkata zuwa ƙaramar hanyar Kelbaker. Nan muka ci karo da wani kunkuru a tsakiyar kwalta, girmansa kamar akushi, bayansa duk ƙura, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Da inuwata ta faɗa kansa sai ya janye wuya ya lafe. Dabararsa ke nan tun kaka da kakanni, ga mota kuwa ba ta da wani amfani.

Na miƙa hannu zan ɗauke shi, yaron ya riƙe ni. "Don Allah Kawu, bari. In ya tsorata yakan zubar da ruwan da ya tara a mafitsara, shi ne guzurinsa na rani." Muka kunna fitilun gargaɗi muka tsaya masa gadi, ya gama shawara ya sauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai hankakin da ke kan turakun lantarki ne, baƙaƙe wuluk, ba farin ƙirji irin namu. Mushen kan titi da sharar matafiya ke ciyar da su, suka yi yawa, su kuma suna fasa 'ya'yan kunkuru tun ƙoƙon bayansu bai yi tauri ba. Shingen nan ba ya hana tsuntsu.

Bayan azahar, kafin mu tashi, sai da yaron ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota, don kunkuru kan fake a inuwarta.