Bikin Autarmu: Daidai Ruwa Daidai Tsaki

 'Yan uwana mata, musamman ku 'yammata da ke makaranta da waɗanda aka sa wa rana, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani daga alƙalamina. Magana ce a kan abin da ke hana iyayenmu barci, wato kuɗin biki. Sau nawa kika ji an ce an ɗaga bikin wance sai bayan kaka, kaka ta zo ta wuce aka ce sai bayan Salla? Ba miji aka rasa ba, ba kuma soyayya ce ta yi ƙaranci ba. Gado da kujeru da gara ne suka tsaya a tsakani, har wani lokaci saurayi ya gaji ya kama gabansa.

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da aka cire tallafin man fetur abubuwa suka sake rikicewa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Kuɗin mota ya tashi, katako ya tashi, katifa ta tashi, buhun shinkafa ya haura naira 70,000. A cikin wannan hali ne aka sa ranar auren Autarmu a nan Kara ta ƙaramar hukumar Gwarzo, aka tsayar da watan Disamba na 2024. Angon malamin firamare ne daga wajen Kabo, yana ɗan taɓa noma. Babanmu kuwa manomi ne, abin da ya mallaka gona biyu ne, ɗaya ta dawa da gero, ɗaya ta gyaɗa da masara, su ne cinmu su ne suturarmu.

Kwana uku da sa rana Gwaggo ta iso, ƙanwar Baba ce, kuma duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san maganar gwaggo a kan biki ba a taka ta. Ta zauna ta lissafo gado da sif da madubi, kujeru saiti guda, kabet cike da tangaran, labule, leda, kafet, sannan gara buhu-buhu. Da ta gama Baba ya yi shiru can ya ce, "To, sai dai a jinginar da gonar gyaɗa." Wallahi gabana ya faɗi, don na san gonakin da aka jinginar saboda biki a garin nan, kaɗan ne suka koma hannun masu su. Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a ba ni mako biyu kafin a kira kowa." Gwaggo ta harare ni ta ce, "Ke 'yar boko, da biro za ki yi mata kayan ɗakin?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, da biro za mu fara."

Abin da na yi ba wani abin mamaki ba ne. Littafin rubutu mai falle 40 na saya, na raba shi gida uku. Kashi na farko na rubuta masa "Dole", na biyu "In da hali", na uku kuma "Don idon mutane". Muka zauna da Inna da Auta da daddare, duk abin da aka ambata sai mu tambayi kanmu, in babu shi auren zai ɗauru? In ya ɗauru, amarya za ta iya kwana ta tashi ta yi girki? Abin da ya shiga "Dole" bai cika shafi biyu ba: gado, katifa, zannuwan gado, tukwane, kwanukan ci, bokitai, tabarma, leda, labule, fitila, da abincin baƙi. Na uku kuwa sai da ya ci shafi biyar. Inna ta riƙe baki ta ce, "Ashe dai mutane muke wa bikin, ba yarinyar ba."

Daga nan muka juya wajen neman kuɗin. Inna tana da awaki uku da tunkiya, ta ce a bar akuya ɗaya saboda iri a sayar da sauran. Tana cikin adashin mata na mako-mako, muka roƙi uwar adashi ta matso mata da kwasarta zuwa watan Oktoba. Auta ta daɗe tana ɗinkin hula, tana da ɗan abin da ta tara a asusu. Ni ma na kawo kuɗin littafina da masu karatu suka saya ta waya. Gudunmawar ƙawayen Inna kuwa ba mu sa ta a lissafi ba, domin ke ma kin san gudunmawar biki bashi ce, wadda ta kawo miki dubu biyu yau, ranar nata bikin dubu huɗu take jira. Muka yi alkawari duk wadda ta kawo za a rubuta sunanta da abin da ta bayar a bayan littafin, don kada Inna ta ji kunya wata rana.

Sai maganar lefe. A nan ne aka fi jin jiki, don har ƙauye yanzu akwati saiti shida ake yayi. Baba ya aika wa waliyyin ango cewa mu akwati biyu sun ishe mu, a sa atamfa da shadda da leshi daidai ƙarfi, da mayafai da takalma da kayan shafa, amma kada a sa ko ƙyalle ɗaya na aro. Kun san abin da ake yi, a aro kaya a cika akwati a kai gidan amarya mata su yi guɗa, bayan biki a zo a zare su ɗaya bayan ɗaya, faɗan farko na ango da amarya ke nan. Sauƙin da muka yi musu mu ma ya dawo mana, domin lefe in ya yi nauyi tukwicinsa ma nauyi yake yi, garar da za a sa ran gani ma haka. Sadaki kuwa ba mu taɓa shi ba, haƙƙin amarya ne, malamanmu na Malikiyya sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, darajarsa kuma tana bin farashin zinare. Baba ya ce a tambayi limami abin da ya kama, ango ya ba da abin da ya sawwaƙa a kan haka, kuma a damƙa wa Auta abinta a hannu.

Gado ba mu je birni ba. Wani kafinta a cikin Gwarzo muka ba, aka yi ciniki za a biya shi sau uku, ga shi babu kuɗin motar ɗauko kaya tun daga Kano. Shawarata a nan, kafinta da tela kada ki taɓa gaya musu ainihin ranar biki. Mu mako uku muka rage masa, duk da haka sai ana saura kwana biyar jere ya kawo gadon, fentin ma bai gama bushewa ba. Birni kuwa sau ɗaya tak muka shiga, ni da Inna da wata maƙwabciyarmu da ita ma take shirin aurar da 'ya. Muka bi titin Gwarzo da sassafe ta Rimin Gado muka sauka Kabuga. A Kantin Kwari muka sayi zannuwan gado da yadin labule, a Ƙofar Wambai muka sayi robobi da kuloli. Da yake mu biyu ne, dozin muke ɗauka a farashin sari mu raba, kuɗin dako ma raba shi muka yi. Takardar "Dole" tana hannuna, duk abin da ya ba Inna sha'awa in ba ya ciki sai in ja hannunta mu wuce. Ba a shiga Kwari da ido kawai, sai da takarda.

Da muka dawo Inna ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Langa ce da kwalla da tasoshi da fanteka na nata auren, an naɗe su da tsumma fiye da shekara 25. Muka wanke su da toka da lemon tsami suka fito fes. Auta ta ɓata rai ta ce, "Yaya, wa yake jere da langa yanzu? Dariya za a yi mini." Na ce mata, "Auta, tangaran ɗin da kike so sau ɗaya zai faɗi. Waɗannan sun ga haihuwarki, za su ga ta 'ya'yanki." Ba ta gamsu ba a ranar, kuma ban ga laifinta ba, yarinya ce 'yar shekara 19 da ta ga ɗakunan ƙawayenta.

Taro ma mun taƙaita shi. Kamu da sa lalle rana ɗaya aka yi su a tsakar gida, babu kama zaure, babu dina, babu mai kiɗan na'ura, 'yammata suka kifa ƙwarya a ruwa suka sha shagalinsu. Anko atamfa ɗaya Auta ta fitar mai sauƙin kuɗi, aka ce wadda ba ta da hali ta sa abin da take da shi ta zo, domin anko ya sa yarinya da yawa roƙon saurayi abin da bai kamata ba. Dilka da lalle a gida wata 'yar ɗakin Inna ta yi mata. Ranar wuni tuwon masara da miyar taushe da waina aka ci, aka sha zoɓo da kunun zaƙi, duk daga rumbunmu. Gara kuwa Gwaggo da kanta ta ɗaura zani, ta yi nakiya da alkaki da dubulan, aka haɗa da gero da dawa da man gyaɗar da aka matse daga gyaɗar gonar nan da aka so jinginarwa.

Akwai abu uku da ban yarda a yi musu ƙwauro ba. Na farko katifa, don mai arha wata shida take lotsawa. Na biyu gwajin jini. Tun watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure a jihar Kano, a duba sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Ko babu doka, kuɗin gwaji bai kai na takalmi da jaka ba, jinyar yaro mai sikila kuwa ta rayuwa ce. Na uku jari. Kuɗin da za a sayi kujeru da shi, da sadakinta da ta yarda ta ƙara, keken ɗinki na hannu aka saya mata.

Kada ku ɗauka abin ya wuce babu gori. Ranar jere wata daga dangin ango ta leƙa ɗaki ta ce, "Af, ina kujerun? Ko suna hanya?" Mata suka yi tsit, Auta da labarin ya kai mata ta sha kuka har idonta ya kumbura. Abin da ya ba ni mamaki, Gwaggo ce ta miƙe ta ce, "Hajiya, kujeru suna gona, in an yi kaka za su iso. Duk abin da kika gani a ɗakin nan kuwa babu na aro babu na bashi." Maganar ta zaga gari mako guda, daga nan aka samu wani bikin aka koma kansa. Haka bakin mutane yake. A unguwarmu kuwa akwai amaryar da aka yi wa jere na gani na faɗa da kayan dillaliya, wata huɗu da biki aka zo da mota a kori-kura aka kwashe kujerun a gaban dangin miji. Wanne ya fi ciwo?

Ko gwamnati da ta tashi aurar da 'ya'yan talakawa abin da ya zama dole ta duba. A auren gata da Hukumar Hisba ta shirya ranar 13 ga Oktoba na 2023, an ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure daga ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, aka biya sadaki, aka ba da gado da katifa da ɗan jari. Aure ya ɗauru, kuma babu wanda ya ce bai cika ba don ba a yi dina ba.

Yanzu Auta tana ɗakinta tana ɗinka wa matan unguwa kaya, da kakar 2025 ita da mijinta suka haɗa kuɗi suka sayi kujeru biyu da suka zaɓa da kansu. Gonar gyaɗa tana nan a hannun Baba, ƙannenmu maza biyu da ita ake biya musu kuɗin makaranta.

To 'yar uwa, ke da kike aji biyar ko aji shida, kada ki jira sai an sa rana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki koyi sana'a tun yanzu, ko kitso ko ɗinki ko saƙa, ki riƙa sayen cokali da faranti kina ajiyewa. In lokaci ya yi, ke za ki fara buɗe baki ki ce wa mahaifiyarki kin yafe abin da babu hali, don sau da yawa iyaye kunyar 'yarsu suke ji fiye da kunyar mutanen gari. Amaryar da kike karantawa a littafi mai akwati goma sha biyu da mota a cikin lefe, marubuciya ba ta biya ko kwabo ba ta saya mata su. Naki kuwa daga aljihun mahaifinki zai fito, mutumin da zai ci gaba da ciyar da gida bayan 'yan biki sun watse.

Allah Ya rufa wa iyayenmu asiri, Ya ba waɗanda ba su yi ba mazaje nagari, waɗanda suka yi kuma Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
'Yar mutan Kara.